Gasar Besbol ta Ƙasa da Ƙasa: Tambayoyin da Sababbin 'Yan Kallo Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka ci karo da besbol a talabijin ko a waya, suka ga fili cike maƙil da jama'a ana kiɗa ana kuka, suka rasa dalili. An fara da na saukin ganewa, sannan aka shiga masu zurfi.

Ban taɓa kallon besbol ba. Me nake bukatar sani kafin in zauna kallo?

Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum tara a fili, kuma karɓa-karɓa ake yi: ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro. Mai jifa yana tsaye a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, yana wurga ƙwallo mai tauri zuwa ga mai bugu da ke riƙe da sanda, tazarar da ke tsakaninsu mita 18 da 'yan kai. In mai bugu ya sami ƙwallon, sai ya yar da sanda ya zuba da gudu. Akwai tasha huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tsakanin kowacce da ta gaba kimanin mita 27. Duk wanda ya kewaye su ya dawo inda ya fara, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, wannan shi ne hom ron: mai bugun da duk abokansa da ke kan tashoshi za su shigo gida ba mai tare su.

Aikin masu tsaro shi ne su fitar da mutum uku. Ana fitar da mai bugu in ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ko aka cafe ƙwallonsa a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko aka riga shi isar da ƙwallo tashar da ya nufa. Da an fitar da uku sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an gama zango guda, kuma zango tara ake yi. Babu agogo. Shi ya sa ƙungiyar da ake ci ba ta yanke ƙauna sai an fitar da mutuminta na ƙarshe, kuma ba yadda wadda ke gaba za ta ɓata lokaci: dole ta yi jifa, dole ta ba abokin karawa damarsa.

Wace gasa ce mafi girma tsakanin ƙasashe?

World Baseball Classic, wadda ake taƙaitawa WBC. Hukumar babbar gasar ƙwararru ta Amurka, MLB, da ƙungiyar 'yan wasanta ne suka kafa ta, aka fara a watan Maris na 2006 da ƙasashe 16. A 2023 aka faɗaɗa ta zuwa 20. Abin da ya ɗaga ta sama da sauran shi ne ita kaɗai ce manyan taurarin MLB ke shiga sanye da rigar ƙasashensu.

Japan ta ci ta farko, ta doke Kuba 10 da 6 a San Diego. Ta sake ci a 2009 a kan Koriya ta Kudu, 5 da 3, bayan an shiga zango na goma Ichiro Suzuki ya raba gardama. Jamhuriyar Dominikan ta ɗauka a 2013 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba cikin wasa takwas. Amurka, ƙasar da ta haifi wasan, sai a karo na huɗu ta samu, a 2017, da ta lallasa Puerto Rico 8 da nema. A 2023 Japan ta karɓe kofin a Miami. Labarin wannan dare yana da tambayarsa a ƙasa.

To World Series fa? Ba ita ce gasar duniya ba?

A'a, sunan ne ke ruɗar mutane. World Series wasan ƙarshe ne na kulob-kulob ɗin MLB, guda 30, kuma 29 daga cikinsu a Amurka suke, ɗaya a Toronto ta Kanada. Wanda ya ci ta zakaran kulob ne. Haka ma gasar Karibiyan da aka fara a Havana a 1949 ta zakarun kulob ce, sai dai a can jama'a kan ɗauki kulob ɗin da ya fito daga ƙasarsu tamkar tawagar ƙasa.

Ban da WBC, akwai wasu gasannin da ya kamata in bi?

Akwai Premier12, wadda hukumar besbol ta duniya, WBSC, ke shiryawa ga ƙasashe 12 da ke saman jadawalinta. A watan Nuwamba ake yi. Koriya ta Kudu ta ci ta 2015, Japan ta 2019, Taiwan ta 2024. Taurarin MLB ba sa zuwa, amma Japan da Koriya da Taiwan kan turo fitattun 'yan wasan gasanninsu na gida, don haka kada a raina ta.

Sai gasar Olamfik. Besbol ya kasance wasan lambar yabo daga 1992 zuwa 2008: Kuba ta ci zinare sau uku, Amurka sau ɗaya a 2000, Koriya ta Kudu a 2008 a Beijing. Aka cire shi, ya dawo a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Japan ta doke Amurka 2 da nema. Bai shiga ta Paris ba, amma yana cikin ta Los Angeles ta 2028. Akwai kuma tsohon Kofin Duniya na besbol da aka yi daga 1938 zuwa 2011, wanda Kuba ta ci sau 25, Holan kuma ta rufe da shi.

Me ya faru a wasan ƙarshe na 2023 da har yau ake zancensa?

Sai a fara daga daren da ya gabace shi. A wasan kusa da na ƙarshe Meziko ta sha gaban Japan 3 da nema, Masataka Yoshida ya farke da hom ron a zango na bakwai, Meziko ta sake wucewa. Aka shiga zangon ƙarshe Japan na baya da maki ɗaya. Munetaka Murakami, wanda duk gasar sandarsa ta ƙi ci, shi ya ɗaga ƙwallo ta daki katanga, mutum biyu suka shigo, aka tashi 6 da 5.

Ran 21 ga Maris aka haɗu da Amurka. Kafin a fita, Shohei Ohtani, tauraron Japan da ke bugu yake kuma jifa, ya tara abokansa a ɗakin canza kaya ya ce musu yau ɗaya su ajiye sha'awar taurarin Amurka da suka taso suna kallo, domin wanda kake ganin girmansa ba ka iya wuce shi. A zango na tara Japan na gaba 3 da 2, Ohtani da kansa ya hau tudun jifa. Aka fitar da biyu, saura ɗaya, sai ga Mike Trout, kyaftin ɗin Amurka, wanda a lokacin kulob ɗinsu ɗaya da Ohtani, wato Los Angeles Angels. Shekara biyar suna sa riga ɗaya, ba su taɓa fuskantar juna a wasa na gaske ba. Aka kai inda jifa ɗaya zai yanke hukunci, Ohtani ya sako ƙwallo mai lanƙwasa, Trout ya kai duka ya sami iska. Don murna, Ohtani ya wurgar da safar hannunsa da hularsa. Wanda yake son ya gane abin da rigar ƙasa ke yi wa ɗan wasa, ya nemi hoton fuskarsa a wannan daƙiƙa, domin mutum ne da aka sani da kamun kai.

Me ya sa ƙananan ƙasashen Karibiyan suka fi kowa zafin kishi?

Saboda a nan ne duniya ke jin sunansu. Jamhuriyar Dominikan ba ta wuce mutum miliyan 11 da wani abu ba, amma bayan Amurka babu ƙasar da ta kai ta yawan 'yan wasa a MLB. Kowane kulob na MLB yana da makarantar horar da matasa a can. Garin San Pedro de Macorís, garin rake da masana'antar sukari, ya yi suna wajen fitar da 'yan wasa. Yaro kan fara da sandar tsintsiya da murfin jarka, ya sa hannu a kwantiragi yana ɗan shekara 16, ya tafi Amurka ya shekara goma yana ɗaga tutar wani gari da ba nasa ba. Makonni biyu na WBC ne kaɗai ake tattaro waɗannan 'ya'ya a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2013 mai jifa Fernando Rodney ya riƙa yawo da ayabar suya a matsayin alamar tawagar, har 'yan kallo suka ɗauka suna zuwa fili da ita, ga ganguna ga ƙaho. Abincin talakan ƙasar ne suka ɗaga sama suna alfahari.

Lamarin Puerto Rico ya fi haka taɓa zuciya. Tsibirin yana ƙarƙashin Amurka tun 1898, mutanensa fasfo ɗin Amurka suke riƙewa, ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. A filin wasa ne suke da tuta da take da suna nasu na kansu. A 2017 'yan wasansu suka rina gashi ruwan zinare, tsibirin duka ya bi sahu, tsofaffi da yara. Kuma ko'ina ka duba a cikin 'yan kallonsu za ka ga riga mai lamba 21, lambar Roberto Clemente, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama ran 31 ga Disamba 1972 yana kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa. Sun kai wasan ƙarshe sau biyu a jere, 2013 da 2017, ba su ci maki ko ɗaya ba a duka biyun. Wannan ciwo ne da suke ɗauke da shi, kuma yana daga cikin abin da ke cika fili duk ranar da za su haɗu da maƙwabtansu 'yan Dominikan.

Me ya sa ake kiran Taiwan da "Chinese Taipei" a allon maki?

Siyasa ce. Sin tana ɗaukar tsibirin a matsayin yankinta, kuma bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da kwamitin Olamfik a 1981, tawagogin Taiwan suna shiga gasa da wannan suna, da wata tuta daban, ba tutarsu ba. Ga mutanen da besbol ya shiga jininsu tun zamanin mulkin Japan, har hoton yaran besbol ke jikin takardar kuɗinsu ta 500, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A WBC ta 2023 sun karɓi baƙuncin rukuni a birninsu na Taichung, ƙasashe biyar duka suka tashi da nasara biyu, rashi biyu, lissafi ya jefa Taiwan ƙasan tebur. An bayyana irin wannan lissafi a tambayar dokoki. Bayan shekara ɗaya da watanni, ran 24 ga Nuwamba 2024, suka shiga Tokyo Dome suka doke Japan 4 da nema a wasan ƙarshe na Premier12, suka katse mata nasara 27 da ta jero. Kyaftin Chen Chieh-hsien ya buga hom ron mai maki uku, da ya zo shiga gida sai ya nuna ƙirjin rigarsa da hannu biyu, wurin da babu sunan ƙasa. Mutanensa sun gane abin da yake nufi. Jiragen yaƙin Taiwan ne suka yi wa jirginsu rakiya da suka shigo sararin samaniyar tsibirin.

Japan da Koriya ta Kudu: wasa ne kawai ko akwai wani abu a ƙasa?

Akwai tarihi. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma ba a manta ba. A 2006, da Koriya ta doke Japan a Anaheim, mai jifa Seo Jae-weong ya kafa tutar ƙasarsa a kan tudun jifa, abin da ya ƙona ran Japanawa ƙwarai. A 2009 sau biyar suka haɗu a gasa ɗaya, har da wasan ƙarshe. A Premier12 ta 2015 Koriya na baya 3 da nema a zango na tara a Tokyo, ta ci huɗu ta fitar da mai masauki. Ga ɗan wasan Koriya kuma akwai wani nauyi: lambar yabo ta Olamfik ko zinare a gasar Asiya na sauƙaƙa masa aikin soja na dole.

Ina matsayin Kuba a yanzu?

Kuba ce ta mamaye besbol na ƙasa da ƙasa shekaru da dama. Bayan juyin juya hali gwamnatin Fidel Castro ta soke wasan ƙwararru a farkon shekarun 1960, duk gwanayen ƙasar suka zama na tawagar ƙasa. Daga baya da yawa suka riƙa tserewa, wasu ta teku, wasu daga masaukin tawaga a ƙasashen waje, kuma wanda ya tsere ba ya sake sa rigar. A 2006 ma sai da gwamnatin Amurka ta fara hana su izinin shiga saboda takunkumi, kafin ta janye. A 2023 ne karon farko da aka gayyato 'yan MLB, Yoán Moncada da Luis Robert suka amsa. Suka kai kusa da na ƙarshe a Miami, garin da 'yan gudun hijirar Kuba suka fi yawa, Amurka ta ci su 14 da 2. A cikin filin akwai masu tafa wa yaran ƙasarsu, akwai masu zanga-zangar adawa da gwamnatin da ta turo su, wani lokaci mutum ɗaya ne ke yin duka biyun.

Na ga Ba'amurke yana buga wa Italiya. Yaya aka yi?

Dokar WBC tana da sassauci. Ya isa a ce kai ɗan ƙasar ne, ko a can aka haife ka, ko kana da izinin zama na dindindin, ko ɗaya daga iyayenka ɗan can ne, ko kuma dokar ƙasar za ta ba ka fasfo in ka nema. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe jikokin Italiyawa da ke Amurka suke shiga, haka Yahudawan Amurka ke cika tawagar Isra'ila. Holan kuwa ƙarfinta daga tsibiran Curaçao da Aruba yake, waɗanda ke cikin masarautarta. Su ne suka doke Dominikan sau biyu a 2009.

Wasu na ganin wannan aron hannu ne, kuma wani lokaci da gaskiyarsu. Amma a duba Lars Nootbaar, haifaffen Kalifoniya, mahaifiyarsa Bajapaniya, wanda ya zo tawagar Japan a 2023 bai iya yaren sosai ba, ya haddace taken ƙasa, kafin mako biyu yara a Tokyo na kwaikwayon murnarsa ta niƙa barkono da hannu. Ko Randy Arozarena, wanda ya tsere daga Kuba ta jirgin ruwa, Meziko ta karɓe shi, ya nemi zama ɗan ƙasa don ya buga mata. A ganina irin waɗannan ba baƙin haure ba ne a cikin rigar. Mai bin Super Eagles ya san 'yan wasan da aka haifa a Landan suka zaɓi gidan iyayensu.

Ƙasar da ba ta da taurari, me take zuwa nema?

Jamhuriyar Cek ta ba da amsa a 2023. Yawancin 'yan wasanta ma'aikata ne masu wasa bayan tashi daga aiki: akwai ɗan kwana-kwana, akwai malamin makaranta, kocinsu Pavel Chadim likitan ƙwaƙwalwa ne. Sun doke Sin 8 da 5. A wasansu da Japan, Ondřej Satoria, ma'aikacin lantarki mai jifa a hankali, ya fitar da Ohtani da jifa uku. Mai jifan Japan Roki Sasaki ya sami ɗaya daga cikin 'yan Cek a gwiwa da ƙwallo mai gudun sama da kilomita 160 a sa'a, bayan kwana biyu ya je masaukinsu da jakunkuna biyu na alewa ya ba da haƙuri. Da Ohtani ya sauka Miami, hular Cek ce a kansa.

Me ya sa wasu taurari ke ƙin zuwa, kulob-kulob kuma ke ƙorafi?

Lokacin ne matsala. A watan Maris 'yan wasa suna atisayen share fage, hannun masu jifa bai gama warwarewa ba, kulob kuma ya zuba miliyoyin daloli a kansu. Akwai batun inshora: Clayton Kershaw ya so buga wa Amurka a 2023, rashin samun inshora ya hana shi. A wannan gasar Edwin Díaz, mai jifan Puerto Rico, ya ji mummunan rauni a gwiwa yana tsallen murnar doke Dominikan, ya rasa kakar New York Mets gaba ɗaya. José Altuve na Venezuela ya karye a babban yatsa. Fushin magoya bayan kulob abin fahimta ne. Sai dai rauni na faruwa a atisayen kulob ma, kuma 'yan wasan da suka je, har da na Amurka irin su Trout da Mookie Betts, sun fito fili sun ce suna son komawa. Sama da mutum miliyan 1.3 ne suka shiga filaye a 2023, kuma a yankin Tokyo kusan rabin gidaje sun kalli wasan Japan da Italiya.

Waɗanne dokoki ne na musamman da zan lura da su?

Saboda abin da aka faɗa a sama game da hannun masu jifa, ana ƙayyade musu jifa: a 2023, 65 a zagayen farko, 80 a kwata fainal, 95 daga nan zuwa ƙarshe, da hutun dole bayan jifa mai yawa. Wannan na nufin gwani ɗaya ba ya isar ƙasa, sai tana da masu jifa da dama. A zagayen farko ana tsayar da wasa in tazara ta kai maki 15 bayan zango biyar, ko 10 bayan bakwai. In aka yi canjaras bayan tara, kowane ɓangare zai fara zango na goma da mutum a tasha ta biyu. In kuma ƙasashe suka yi kunnen doki a rukuni, ana raba makin da aka ci su da yawan mutanen da suka fitar, mai ƙaramin sakamako ya wuce. Shi ne ya tsallakar da Kuba da Italiya zuwa zagaye na gaba daga rukunin Taichung, ya bar Taiwan a baya.

Afirka fa, muna ciki?

Kaɗan. Afirka ta Kudu ta buga WBC a 2006 da 2009, kuma ɗanta Gift Ngoepe ya shiga MLB da Pittsburgh Pirates a watan Afrilu 2017. Yaran Uganda sun je gasar yara ta duniya a Williamsport ta Amurka a 2012, karon farko ga wata tawaga daga nahiyar. An buga besbol a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare. Babban cikas tsadar kaya ne da rashin fili. Shi ya sa WBSC ta ɓullo da Baseball5: mutum biyar-biyar, ƙwallon roba, da hannu ake bugu, ba sanda ba safa, kuma an sa shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026.

Daga Nijeriya ko Nijar, da ƙarfe nawa ake kallo, kuma da wane wasa zan fara?

Tokyo tana gabanmu da sa'a takwas, don haka wasan ƙarfe 7 na yamma a can ƙarfe 11 na safe ne a Kano ko Damagaram. Na Miami ne ke hana barci: a tsakiyar Maris, ƙarfe 7 na yamma a can 12 na dare ne a nan, kuma wasa kan ɗauki sa'a uku ko fiye. Mazauna Ghana su rage sa'a ɗaya. Wanda datarsa ba ta da yawa, shafin MLB na YouTube yana sa taƙaitattun wasanni na mintuna kaɗan. A fara da Meziko da Japan na 2023, sannan Amurka da Venezuela na wannan gasar, inda Trea Turner na Amurka ya buga hom ron tashoshi na cike aka tashi 9 da 7. A ƙara sauti, domin rabin abin a bakin 'yan kallo yake.